Hannun Mai Takaba

Sana'a ce ta kai ni gidan Alhaji Abdulfattah, ba gulma ba. Ni ce Azumi mai ƙanƙara, firiza biyu gare ni masu aiki da sola, kuma in bazara ta kama a Birnin Gwari kowa ya san ƙofata. Na fara da wannan ne domin tun da abin ya faru ake cewa bakina ya yi tsawo. To, ya yi ɗin. Abin da na gani da idona zan faɗa, wanda ya ji zafi ya zo ya sha ruwan sanyi, ina sayarwa.

A falon Alhaji akwai wani tankin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba sai a waya, sai ga guntunsa an ɗauko an ajiye mana a bakin daji. A ciki akwai ƙananan kifaye, wani ruwan ɗorawa, wani ja da ratsin fari, da duwatsu masu ramuka. A kan duwatsun akwai wasu abubuwa kamar furanni, suna buɗewa suna rufewa. Alhaji ya ce murjani ne mai rai, kuma dabba ce, ba tsiro ba. Shuɗiyar fitila tana haska su daga sama, famfo yana juya ruwan ba ya hutawa. A Legas ya gano abin lokacin da yake kai kaya can. Duk baƙon da ya shigo sai an tsayar da shi gaban gilashin an yi masa bayani, ko yana so ko ba ya so.

Murjanin nan ya fi jariri tsirfa. Ba ya son zafi, shi ya sa nake kai gorunan ruwa masu ƙanƙara safe da la'asar ana jefawa a ciki. Ba ya son ruwan rijiya, sai wanda aka tace da na'ura aka dama da gishirinsa na musamman. Babbar dokar kuwa ta hannu ce. Duk hannun da zai shiga ruwan kada ya taɓa mai, ko sabulu, ko turare, ko lalle. Ga shi dole hannu ya shiga, a kankare gansakuka daga duwatsu, a motsa yashi, a tayar da abin da ya faɗi. Hajiya Jamilatu, matar gidan, tun farko ta faɗa masa ba kifin da zai raba ta da humrarta da lallenta.

Ana cikin haka aka kawo Asama'u daga ƙauyen Kakangi, bayan an kai musu hari an ƙone shi. Matar ƙanen Alhaji ce, Bilyaminu, wanda mutanen daji suka harbe a bakin rafi. Alhaji da kansa ya ce a gidansa za ta yi takaba, a masallaci aka yi ta sa masa albarka. Doguwa ce siririya, mai saƙar faifai, ba ta iso da komai ba sai kayan jikinta da basillarta ƙulle a haɓar zani. Tun a makon farko ta gaya mini abin da ke ranta. In ta fita takaba za ta kama ɗaki a gari, ta sayi kaba, ta ci da kanta, domin ba ta iya zama a kan kowa ba. Ta ɗaga mini hannunta na dama ta ce shi kaɗai ne bai ƙone a Kakangi ba.

Ina wurin ranar da Alhaji ya lura da hannun. Ta kawo masa ruwa a kofi, ya bi shi da kallo tun daga yatsu har kafaɗa, sannan ya juya wajen Hajiya.

"Mai takaba ai ba ta turare, ba ta lalle, ko?"

Hajiya ta ce haka ne.

"To, alhamdulillahi. Allah ya kawo mana hannu."

Aka yi dariya, ni ma na ɗauka wasa ne. Washegari da na kawo ƙanƙara na tarar da ita tsaye a kan kujerar tsugunno, hannunta cikin ruwa har hammata, Alhaji yana bayanta yana nuna mata dutsen da za ta goge.

Tsakanin babban yatsanta da manuni akwai miki. Ƙaya ce ta tsaga ta ranar gudu a daji, bai gama rufewa ba. Ta nuna wa Alhaji cikin ladabi, ta ce yana yi mata zafi in ya shiga ruwan. Ya ce ai ta ma yi sa'a, ruwan gishiri magani ne, ba da shi iyayenmu ke wanke ciwo ba? Wannan magana kowace mace ta san ta tun a gidan ubanta, shi ya sa ba wanda ya ja. Ni kaina na gyaɗa kai. Ba mu san cewa ruwan da dabbobi ke zaune a cikinsa daban yake da gishirin da muke jiƙawa a kofi ba.

Aikin ya zama nata, safe da yamma. Duwatsun kaifi gare su, kullum sai sun ƙara mata wata ƙujewar. Wasu daga cikin furannin nan harbi suke yi, ta fito da hannun ya yi jaje-jaje. Tankin kuwa ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Alhaji ya riƙa ɗaukar hoto yana aika wa abokansa na Legas, yana cewa sirrin abin tsabtar hannu ce.

Wata la'asar na same ta ita kaɗai a falon. An saki labule, ba haske sai shuɗin nan, ya rina bango ya rina fuskarta. Ta kira ni ta ce in tsaya ta gaban gilashi in dubi hannunta. Na duba. A cikin ruwan ya yi fari fat, ya karkace, yatsun suna lilo.

"Yaya Azumi, wannan ba nawa ba ne," in ji ta a hankali. "Ranar nan a cikin rafi na ɓuya, ruwa har wuya. Da mutanen daji suka tafi, hannun Bilyaminu na fara gani a ruwa, haka yake lilo. Kullum in na tsoma sai in ga nasa."

Na ajiye gorunan na fita. Tun daga ranar na tsani falon nan, ko ƙarar famfon ba na son ji.

Mikin bai rufe ba. Ya yi baki ja, ya kumbura, sai wani ƙullutu ya fito a bayan hannun, bayan kwana biyu wani ya fito a wuyan hannu, suna bin layi suna hawa sama. Ta daina iya dunƙule yatsu. Na kawo mata kaba daga kasuwa don ta rage kewa, ta ɗauki basilla, basillar ta suɓuce ta faɗi. Ta sake ɗauka ta sake faɗuwa. Ba ta yi kuka ba, sai ta tura kabar ƙarƙashin katifa ta ce sai ta ji sauƙi.

Na ba ta man kaɗe da wani man ciwo da na saya a kemis. Ta shafa da daddare, da safe ta wanke iya wankewa ta shiga ruwa. Kafin azahar furannin Alhaji suka tsuke suka ƙi buɗewa. Wallahi ranar da aka kawo labarin ƙanensa ban ji muryarsa ta tashi haka ba. Ya sa aka zazzage ɗakinta, aka kwashe man, har sabulun wankanta aka ɗauke aka ce ta riƙa karɓa wajen Hajiya in ta gama aikin yamma. Ya ce shi bai hana ta magani ba, amma ta sha na haɗiya, kada ta shafa komai. Aka ba ta farasitamol.

Na ce masa, Alhaji, ba a sa mata safar hannu? Ya ce ta asibiti hoda gare ta, tana kashe murjani, amma akwai wata doguwa ta musamman, ya riga ya yi odarta daga Legas, tana hanya. Duk lokacin da na tambaya tana hanya. Hanyar Kaduna kowa ya san halin da take ciki, sai an haɗa motoci an bi bayan sojoji. Sai dai a kan hanyar nan aka kawo bokitan gishiri, aka kawo sabon murjani kore a cikin kula, da ransa. Safar hannu ce kaɗai ta kasa ƙetare daji.

Da na ce a kai ta asibiti, sai aka fito da takaba. Mai takaba ba ta fita, in ji Alhaji, shi ba zai ci amanar ƙanensa a kabari ba. Na tambayi malamin Islamiyyarmu, ya ce rashin lafiya lalura ce, ta fita ta dawo, ba laifi. Na kai wa Alhaji wannan amsa da zafinta. Ya yi murmushi ya ce malamai sun saɓa a kan mas'alar, shi ya ɗauki abin da ya fi tsantseni. Hajiya kuma tata fassarar daban. Ta ce wanda ya kwana a daji ba ya dawowa shi kaɗai, iska ce ta biyo ta, sai a yi ta hayaƙi. Aka yi hayaƙin a tsakar gida, nesa da falo, kada ya taɓa ruwa.

Ita Hajiya ba muguwa ba ce irin wadda ake ba da labari. Tana zuba wa Asama'u nama a miya, tana kiran ta ƙanwata. Tsoronta ɗaya ne, kada hannun ya tashi daga aiki a waiwayo nata. A bakinta ma gaskiya ta suɓuce. Muna tsaye a kicin na ce, to shi Alhaji me ya hana shi sa nasa hannun? Ta ce, ai shi likita ya hana shi tun bara, da ya yanke a dutsen nan hannunsa ya kumbura ya yi wata da watanni yana shan magani a Legas. Tana faɗa ta kama bakinta. Na dube ta, ta dubi tukunya.

Ashe ya sani. Duk wannan ruwan gishiri magani ne da yake faɗa, ya san abin da ke cikin ruwansa. Na kwashi kayana na tafi gida.

Akwai Deborah, ma'aikaciyar jinya ce, tana sayen ƙanƙara a wurina. Na roƙe ta ta raka ni, muka shiga kamar masu kawo kaya. Ta kama hannun ta juya shi, ta danna ƙullutun, ruwa ya fito. Ta ce wa Hajiya wannan ba na gobe ba ne, yau za a kai ta. Hajiya ta ce sai mai gida ya dawo. Mai gida ya dawo ya ji, ya aiko mini cewa ƙanƙara ya ce in riƙa kawowa, ba baƙi ba. Daga ranar a ƙofar falo nake miƙa gorunan, amma ƙofar a buɗe take, ina ganin komai.

Damina ta faɗi, hannun ya zama abin tsoro. Yatsu biyu sun yi baƙi, zazzaɓi ba ya sauka, in ta hau kujerar sai ta dafa bango. Wata safiya Alhaji ya ga ta kasa riƙe burushin, har ya suɓuce mata ya faɗa ƙasan tanki. Ya ce, cikin murya mai taushi kamar mai yi mata alheri, ta huta da wannan, ta sa na hagu.

Ta ɓoye hannun hagun a bayanta.

"Yaya, ka bar mini ɗaya."

"Wa ya ce zai karɓe miki? Ke dai kin cika tsoro."

"Ka bar mini ɗaya, don Allah. Zan yi da wannan."

Ta cusa ruɓaɓɓen hannun cikin ruwa har hammata, ta lalubo burushin da yatsun da suka rage. Ban taɓa ganin mutum ya cije haƙori haka ba. Haka ta ci gaba da yi, kullum da na dama, tana sane da cewa ya riga ya tafi, tana fansar ɗan'uwansa da shi. Na roƙe ta ta gudo gidana. Ta ce in ta karya takabar Bilyaminu da ƙafarta me za ta ce masa, kuma wa zai sake kallonta da mutunci a dangi? Kwanakin sun kusa cika, in ji ta, za ta daure.

Abin da bakina ya kasa yi, da malam, da Deborah, kifi ya yi shi. Wata safiya aka wayi gari ɗan ruwan ɗorawan nan yana yawo a saman ruwa, cikinsa a sama. Alhaji ya tsame shi da kansa da rariya, ya daɗe yana kallonsa. Ya gwada ruwan da 'yan kwalabensa, sannan ya dubi hannun Asama'u, ya ga mugunyar da ke zuba. A karo na farko ya ga ciwon sosai. Ya ce wannan hannun yana ɓata ruwa, a nemo mota.

Daga bakin ƙofa na ce, "Alhaji, takabar fa?"

Bai ko waiwayo ba. "Lalura ce, Azumi. Addini ai sauƙi ne."

A asibitin gari suka duba suka ce ya fi ƙarfinsu, sai Kaduna. Aka jira ranar da motoci za su tashi da rakiya. Ni na zauna kusa da ita a mota. Da muka shiga dajin ta rufe fuska da mayafi, ba ta buɗe ba sai da ta ji hayaniyar gari. Likitan ya tambayi tun yaushe, na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge. Ƙasa da gwiwar hannu kaɗan suka yanke. Aka naɗe guntun a farin ƙyalle aka ba wani dattijo ya binne, a garin da ba ta san kowa ba. A gadon asibiti takabarta ta cika.

Da muka dawo gari ya ɗauka, wai Alhaji Abdulfattah ya tsaya wa matar ƙanensa, ya biya komai bai nemi gudummawar kowa ba. Hajiya ta shirya walimar fitar takaba, ta ɗinka mata atamfa, ta kira mai lalle. Mai lallen ta zauna da kwanonta, ta ce miƙo hannuwa, sannan ta ga abin da ke gabanta ta sunkuyar da kai. Aka zana na hagun. Ya yi kyau, ja wur. Ragowar lallen ya bushe a kwano, ba wanda ya iya cewa a ɗauke. Kabar da na saya mata tana nan ƙarƙashin katifa.

Na ce ta taho gidana mu zauna, ta yarda, har mun fara ɗaure kaya. Sai aka sake kai hari wajen Kazage. Bayan sallar Juma'a Alhaji ya tashi a gaban jama'a ya ce gidansa a buɗe yake ga duk wadda aka kashe wa miji. Mutane suka yi kabbara. Aka kawo masa Bushira, yarinya doguwa, idonta bai bushe ba, ranar ta shiga takaba.

Asama'u ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a hannuwa. Ta kwance ƙullin kayanta ta ce mini ba za ta tafi ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in kawo mata man kaɗe, gwangwani babba.

Washegari da sassafe na kai. A tsakar gida Asama'u ta zaunar da Bushira, ta lakato man da hannunta mai lalle, ta shafe mata hannu biyu tun daga farce har kafaɗa, tana murzawa yana shiga. Alhaji ya fito ya tarar da su. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Yaya, wannan hannun yana da mai."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce wa Hajiya ciwon ya taɓa mata kai, a yi mata uzuri, a ɗora ruwan zafi a wanke wa baƙuwa hannu da toka.

Na daina kai ƙanƙara gidan. Bai damu ba, ya sayo na'urar sanyaya ruwa, ita ma ta ƙetaro daji lafiya lau. Na faɗa wa matan unguwa, na faɗa wa mazansu. Suka ce mutumin da ke ciyar da zawarawa ba ni zan ɓata shi ba, kuma ƙaddara ba ta da magani. Mutanen daji da suka kashe Bilyaminu kowa ya san sunan abin da suka yi, ana la'antarsu a kowace salla. Wanda ya cinye hannun matar ƙanensa a falo, ƙarƙashin fanka, shi ake matsa wa wuri a sahun gaba. Ni kuwa har yau in na tsoma hannu a bokitin ruwa sai in fizge, domin ba nawa nake gani ba.

Haka ake yi a gidan yanzu. Kowace safiya Asama'u ta shafa, Hajiya ta wanke. Man kaɗen ni nake kaiwa, ta ƙofar baya. Jiya da na je Bushira ce ta buɗe mini, hannun rigarta a naɗe, yana ɗigar ruwa, shuɗin fitilar nan yana leƙowa ta bayanta. A bayan hannunta na ga wata 'yar ƙujewa, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, bakinta ja. Ta ga ina kallo, ta yi murmushi don ta kwantar mini da hankali.

"Ba komai, Yaya," in ji ta. "Alhaji ya ce ruwan gishiri magani ne."